Lahadin Da Ejike Bai Zo Ba

Gwaten acca ya huce tun ɗazu har ya yi fata a sama, amma Chundung ta hana a zuba. Sai ta leƙa taga, ta dawo, ta sake leƙawa. Daga flat ɗin yayanta a Thamesmead ba ta hango komai sai dogayen gine-ginen siminti masu ruwan toka, da jar bas da ta sauke wata tsohuwar Baturiya da karenta ta wuce.

"Ki zauna," in ji Rwang. "Tagar nan ba za ta haifo shi ba."

"Yaya, ya ce zai zo. Wataƙila ya yi missing bas ne."

"Duk bas ɗin Landan yau shi suke gudu?"

Rwang yayanta ne, ma'aikaci a masana'antar motoci ta Dagenham. Tun da ta zo karatun nas shi ne uwa shi ne uba a wurinta. Ta daɗe tana roƙonsa kafin ya yarda saurayinta Ejike ya zo ya gaishe shi yau bayan coci. Abin da bai gaya mata ba shi ne ya gayyato Katung.

Ga shi can a kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullin sabuwar motarsa. Ma'aikacin gwamnati ne daga Kaduna, an turo shi kwas, kuma tun ranar da ya ga Chundung ya maƙale wa gidan.

"Sister, kar ki ga laifinsa," in ji Katung cikin murmushi. "Wataƙila ba a ba shi permission ba ne. Mu a ma'aikatarmu, tun da ƙarin albashin Udoji ya fito, ko masinja ya sayi babur. Ƙasa ta yi arziki. Ban san akwai sauran masu aiki ba albashi ba."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Ni ki saurare ni," in ji Rwang. "Kar ki ce don shi Ibo ne. Da yayyensa muka buga ƙwallo a Bukuru, na san gidansu. Abu ɗaya ne tsakanina da shi: ba shi da ikon kansa. Mutumin da sai ya nemi izini kafin ya je coci, shi zan rubuta wa Baba in ce yana neman ƙanwata? In ce masa me yake yi? Boyi?"

"Koyon kasuwanci yake, Yaya. Haka al'adarsu take. In ya gama, Oga zai sallame shi da jari ya buɗe nasa."

"Bara ma haka kika ce mini."

Nan ya taɓa mata inda ke ciwo. Ta miƙe ta shiga kicin, ta juye gwaten a langa, ta ɗaure da ɗankwali, ta zari kot ɗinta.

"Ina za ki?"

"In ji daga bakinsa."

"Bari in kai ki, Sister, motar akwai heater," in ji Katung, har ya miƙe.

"Na gode. Ƙafata ƙalau take."

* * *

A bas zuwa Woolwich ta rungume langar a cinya, tana shirya maganganun da za ta zazzaga masa.

Tare suka taso da Ejike a Bukuru, gidansu na kallon shagon kayan mota na babansa. Rikici ya tashi su Ejike suka gudu Gabas, yaƙin basasa ya cinye sauran abin da suka tsira da shi. Da aka gama, uban ya kama hannun Ejike ya damƙa wa wani tsohon maƙwabcinsu, Oga Anozie, a kan shekara bakwai. Ba albashi, ba hutu, ba mace. Ci da kwana na Oga ne, in wa'adi ya cika ya kafa shi. Da kuɗin mai suka ɓarke a gida, kowa na son firji da rediyo da leshi, sai Oga ya buɗe sito a Landan ya taho da shi.

A kasuwar Woolwich ta sake ganinsa, kwali ya suɓuce masa, ta ji wani ya ce, "Kai, wannan wace irin masifa ce!" da Hausar Jos tsantsa. Ta juya, shi ke nan.

Wa'adin ya cika tun bara. Kullum Oga sai ya ce bari jirgin ruwan nan ya tashi da kaya tukuna. Jirgi kuwa ba ya ƙarewa.

Siton yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, a wani lungu da rana ba ta shiga. Yau Lahadi, duk shagunan layin a rufe, sai nasu kaɗai a wangale, babbar mota a bakin ƙofa. Ta hango shi ya fito da kwali a kafaɗa, ya tallafe da hannu ɗaya, yana tafiya kamar mai jin barci.

"Ejike!"

Ya dire kwalin. "Chundung. Don Allah ki yi haƙuri. Na so in yi miki phone, Oga ya sa wa wayar kwaɗo."

"Ka san abin da ka ja mini yau? Ka san wanda na zauna da shi ina kallon taga kamar wata marar gata?"

"Da asuba motar nan za ta tashar jirgin ruwa ta Tilbury. Oga ya ce in na gama lodi in tafi. Na ɗauka zan gama da wuri."

"Kai kaɗai? Wannan duka?"

"Ai kin san ɗayan yaron ya gudu."

"Ya fi ka hankali!"

Ya yi murmushi, sai ta ga leɓensa a bushe, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ake yi. Hannunsa na hagu yana ɓoye a bayansa.

"Me ka ɓoye?"

"Ba komai."

"Miƙo."

Ya miƙo a hankali. An naɗe shi da tsumman tsohuwar singileti, ya yi baƙi ƙirin. Tana kwancewa wari ya buge ta. Ɗan yatsan tsakiya ya kumbura ya canza kala, bayan hannun ya yi suntum, ga wani jan layi ya miƙe daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu.

"Yesu! Yaushe?"

"Wancan makon. Ƙarfen ɗaure akwati ne ya yanke ni. Na zuba man birki."

"Man birki." Ta rufe ido. "Ejike, budurwarka nas ce, asibiti na nan kusa, ba a biyan ko sisi, ka zuba man birki?"

"Haka Oga ya ce su ma suke yi a da."

Ta ja shi ciki don ta samu wurin zaunar da shi. Ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ba, kullum a kasuwa suke haɗuwa a tsaye a gurguje. Ruwa na ɗiga daga rufin bulo. Jirgi ya wuce ta sama, ƙura ta zubo. Can ƙarshe, tsakanin firji biyu sababbi fil a kwalinsu, aka shimfiɗa kwalaye da bargo ɗaya. Gefe ga gwangwanin sadin a buɗe da guntun burodi.

"Ka ce mini a gidan Oga kake kwana."

"Da can ne. Da aka yi sata a layin nan sai ya ce in riƙa kwana a nan."

"Ina heater?"

"Warin kananzir yana kama leshi."

Ta tsaya tana kallonsa. Hawayen da suka zo mata na takaici ne zalla.

"Leshi ba zai ji wari ba, kai ka ruɓe. Tashi mu tafi asibiti, casualty."

"Saura kaɗan lodin."

"Ejike, dafin ya shiga jininka. Ka ga layin nan? In ya kai hammata ba hannu kaɗai za ka rasa ba."

"Ki fahimce ni, Chundung." Muryarsa ta karye. "In na bar motar nan, Oga ya ce na gudu daga aiki, duk shekarun nan sun tafi a banza. Mamana na Nnewi tana jira. Ƙannena biyu sun bar makaranta suna jira in buɗe shago in ɗauke su. Ke ma jiran kike. Da me zan je gaban yayanki? Na kusa, wallahi na kusa. Oga ya ce wannan jirgin ne na ƙarshe."

"Wancan ma na ƙarshe ne! Na gaji. Na gaji da kare ka a gaban Yaya, na gaji da soyayya a bayan teburin mai doya kamar ɓarayi. Ni ban ce ka bar Oga ba. Hannunka na ce ka ceta!"

Ƙarar rufe ƙofar mota ta katse ta. Ejike ya miƙe zumbur, ya mayar da hannun baya.

* * *

Oga Anozie gajere ne kakkaura, cikin baƙin kot har gwiwa, littafin addu'a a hammata, daga coci yake. Ya yi shekaru da shago a Jos, Hausarsa ba ta da gargada. Ya dubi motar da ba ta cika ba, ya dubi Chundung.

"Wannan fa?"

"Nas ce, Oga."

"Na gani. Nas ɗin Landan yanzu abinci suke kawowa a langa?"

Chundung ta ɗan rusuna. "Ina wuni, Baba. Hannunsa ya lalace. Dole ya ga likita yanzu."

"Zai gani. Gobe da kaina zan kai shi, in mota ta tashi."

"Ba zai kai gobe da hannun ba."

"'Yata, ni na yi wa ubangidana bauta a Anaca. Ƙarƙashin tebur na kwana. Injin niƙa ya taɓa cire mini farce, washegari na buɗe shago. Dubi inda nake yau. Yaron nan ubansa ya ba ni shi ba ko takalmi. Ni na yi masa fasfo, ni na koya masa ciniki da Bature. Wahalar nan ita ce makarantar."

"Kai ma ba daidai aka yi maka ba, Baba."

Fuskarsa ta sauya. "Ejike, koma kan aikinka."

Kuma Ejike ya juya zai koma! Ta ga ya sunkuya zai ciccibi kwali da hannu ɗaya. Ta cire kot ɗinta, ta tuɓe dogayen takalman coci ta jefar gefe.

"Lodi ne matsalar? To, matsa."

"Chundung, don Allah..."

"Matsa na ce!"

Ta rungumi kwalin rediyo ta kai mota, ta dawo ta ɗauki wani. Safarta ta jiƙe da ruwan ƙasa, rigar leshinta ta kama ƙusa ta yage. Oga ya tsaya baki buɗe. Tana kan ɗauko wani ne motar Katung ta tsaya a bakin lungun, Rwang ya fito, Katung na biye da shi yana tsallake ruwa.

"Chundung! Dako kika koma? Abin da Baba ya turo ki yi ke nan?" Ya juya kan Ejike. "Kai kuma kana tsaye ƙanwata na..."

Bai ƙarasa ba. Ejike ya jingina da bango, ƙafafunsa suka saki, ya zame ya zauna a ƙasa. Hannun ya fito fili.

Rwang ya tsuguna ya duba. Da ya ɗago, Oga ya kalla.

"A wurin aikinmu, da foreman zai bar mutum da hannu haka, kafin a tashi mun tsayar da aiki gaba ɗaya. Katung, buɗe bayan motarka."

"Kujerun sababbi ne fa..."

"Buɗe!"

"Ba inda za shi sai ya amsa mini," in ji Oga. Ya tako ya tsaya a kan Ejike. "Ka san dokar da muka yi a gaban ubanka. Ban da mace sai na sallame ka. Gaya mini gaskiya a gaban mutanen nan. Mece ce yarinyar nan a wurinka?"

Chundung ta shiga girgiza wa Ejike kai daga bayan Oga, tana roƙonsa a ranta. Ka ce nas, ka ce 'yar garinku, ka ce komai. Yau kaɗai ka ci gaba da yin shirun da ka saba.

Ejike ya dube ta, ƙafa ba takalmi, riga a yage. Ya dubi Rwang.

"Oga, ita zan aura."

Jirgi ya wuce ta sama. Ba wanda ya motsa sai da ƙarar ta lafa.

Oga ya miƙa tafin hannu. "Ba ni makulli."

Ejike ya cire igiyar da ke wuyansa ya ba shi.

* * *

A mota ta ɗora kansa a cinyarta, jikinsa kamar garwashi. Kuka take, faɗa take.

"Tun yaushe nake jiran ka buɗe baki ka faɗi maganar nan? A kasuwa ba ka faɗa ba, a bas ba ka faɗa ba. Sai yau, a wurin da za ta cinye maka komai! Wane irin mutum ne kai?"

"Ba ki ji daɗi ba?" ya ce da ƙyar.

"Yi mini shiru!"

Can sai ya buɗe ido. "An ja ƙofar sito kuwa? Ruwa zai shiga wa leshin."

Rwang ya yi tsaki daga gaba. Katung kuwa sai taka mota yake, har ya ƙetare jar wuta.

A casualty likita na ganin hannun ya sa a shirya tiyata. Da ya fito daga baya, ya ce hannun zai tsira, amma ɗan yatsan sai da aka cire. Da an kai gobe, ya ce, da maganar ta wuce ta yatsa.

Chundung ta zauna a bencin baranda cikin kot ɗin Katung, don nata yana can sito. Shi ya yafa mata, ya ce zai jira a mota, ya fita kansa a ƙasa. Rwang ya zauna kusa da ita.

"Na kawo shi ne don ɗan Adam ne," ya ce. "Kar ki ɗauka na yarda. Da safe yana da ubangida ba shi da kansa. Yanzu yana da kansa, ba shi da wurin kwana. Ki gaya mini wanne zan rubuta wa Baba."

"Yaya, don Allah ba yau ba."

"Yau ɗin dai. Visa ɗinsa ma ta hannun mutumin nan take. Kin yi tunanin wannan?"

Ba ta yi ba. Ta kifa kai a gwiwa.

Takun takalmi ya sa ta ɗago. Oga Anozie ne, hula a hannu, kot ɗinta da takalmanta a ɗaya hannun. Ya ajiye mata su a benci.

"Yaya yake?"

"An cire yatsan," ta ce, ba ta rusuna ba.

Ya zauna a ƙarshen bencin kamar an tura shi. Ya daɗe yana juya hular.

"Ubansa ya sa hannun nan cikin nawa a cike," ya ce a hankali. "Me zan ce masa?"

Ya share fuska, ya miƙe, muryarsa ta koma yadda take.

"Amma doka doka ce, kuma ya karya. Ba ni kaɗai zan yanke ba. Ranar Lahadi dattawan garinmu na nan Landan za su zauna a gidana. Su za su ce in sallame shi da jari, ko ya tafi hannu wofi. Ke ce sanadi, ke ma za ki zo. Sai dai ki sani, a zaman nan mace ba ta magana."

Chundung ta miƙe tsaye da jiƙaƙƙiyar safarta.

"Zan zo, Baba. Zan gaya musu inda yake kwana, da abin da yake ci, da man birki. In sun ga dama su toshe kunne."

"Na ce mace ba ta magana."

"To ni zan yi," in ji Rwang.

Ta juya ta dube shi. Bai kalle ta ba, maɓallin kot ɗinsa yake sawa, fuska a murtuke.

"Ban yarda da auren ba," ya ce. "Oga, ƙarfe nawa ne zaman?"